Mene ne "sauya mabuɗi" a kuba, ba tare da an canza kanon ba?

A bakinmu kalmar makulli tana ɗaukar abu biyu, kubar da ke jikin ƙofa da kuma mabuɗin da ke aljihu. Shi ya sa in mai gida ya ce "a canza makulli" bayan ɗan haya ya tashi, sai a kira mai walda ya ɓalle kuba gaba ɗaya, alhali mabuɗin ne kawai abin tsoro. Sauya mabuɗi na nufin a bar kuba da kanon a wurinsu, a gyara cikinsu yadda tsohon mabuɗi zai daina buɗewa, sabo ya kama aiki.

Kanon shi ne ƙarfen nan mai ramin mabuɗi, wanda bis guda, wato sukuru, ke riƙe da shi daga gefen ƙofa. A cikinsa akwai zuciya mai juyawa, da ramuka biyar ko shida. Kowane rami na ɗauke da ƴan ƙusoshi biyu da sifirin mai danna su. Ƙusoshin da ke taɓa mabuɗi tsawonsu ya bambanta. In haƙoran mabuɗi suka dace, mahaɗar kowane biyu za ta tsaya daidai bakin zuciya, sai ta juya. In ɗaya ya saɓa ko da kaɗan ne, ta cije. Wannan tsari Linus Yale ƙarami ya kyautata shi a Amurka a shekarun 1860, kuma shi ne a yawancin ƙofofin ƙarfe na unguwannin Birni, Zango da Sabon Gari a Damagaram.

Hanya ta farko aikin gwani ce. Zai kwance kanon, ya cire zoben da ke riƙe da zuciya, ya sa tsohon mabuɗi ya ɗan juya, sannan ya tura zuciyar waje da sanda mai kauri daidai da ita, don ƙusoshin baya da sifirin kada su tarwatse. Sai ya zubar da ƙusoshin gaba, wato masu taɓa mabuɗi, ya sa sabon mabuɗi, ya jera wasu har kowanne ya yi daidai da bakin zuciya, babu mai leƙe, babu mai nutsewa. Kanon irin na Turai, wanda muka fi amfani da shi, zuciya biyu gare shi, ta ciki da ta waje, don haka aikin sau biyu ne. A kanon mai araha wahalar ta fi kuɗinsa, gara a sayi sabo a Kasuwar Dole. Amfanin yana fitowa ne a kanon mai tsada, ko inda ake so mabuɗi ɗaya ya buɗe ƙofofi da yawa.

Hanya ta biyu ita ce kubar da aka ƙera don mai ita ya sauya da kansa, tana nan a ƙofa. Wadda ta fi suna ita ce SmartKey ta kamfanin Kwikset. Ana gane ta da ɗan tsagi kusa da ramin mabuɗi. A bar ƙofa a buɗe. A sa mabuɗin da ke aiki, a juya shi rubu'in zagaye zuwa dama, a tura ɗan ƙarfen da ya zo da kubar cikin tsagin har ƙarshe, a zare shi. A cire tsohon mabuɗi ba tare da an juya ba, a sa sabon har ya ƙure, a juya rabin zagaye zuwa hagu, sannan a dawo da shi. Kubar ta haddace sabon ke nan.

A nan ne ake yawan ɓata aiki. In sabon mabuɗi bai shige duka ba, ko an ja shi lokacin juyawa, kubar za ta haddace siffar da ba ta kowane mabuɗi ba, tsoho da sabo duk su ƙi buɗewa, sai an kwance ta an saita da na'urarta ta musamman. Sabon mabuɗin kuma dole ya zama ɗan gidansu, mai kwari iri ɗaya, kuma na asali ya fi wanda aka yanka a kasuwa daga wani yankakke. In tsohon mabuɗi ya ɓace, wannan hanya ta toshe, domin shi ne shaidar cewa kubar taka ce. Sannan ƙirar Amurka ce mai zagayayyen rami, ba ta shiga gurbin kanon Turai. A auna ƙofa kafin a saya.

Akwai kuma kanon Mul-T-Lock mai mabuɗi kala uku: kore, rawaya, ja. Da zarar an juya rawaya, kore ya mutu. In an juya ja, rawaya ya bi shi. Sauyi biyu ne kacal, kuma ba a komawa baya, saboda haka a ɓoye rawaya da ja nesa da hannun yara.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar waɗannan ƙananan sassa. Kada a ɗiga man inji ko man gyaɗa a ramin, yana haɗuwa da rairayi ya zama taɓo ya riƙe ƙusoshi. A hure ƙurar tukuna. Kanon mai ƙusoshi garin bakin fensir ya ishe shi, a goga a haƙoran mabuɗi a sa a cire sau biyar ko shida. Bayan kowane sauyi a gwada sabon mabuɗi ciki da waje ƙofa na buɗe, a kuma gwada tsohon a tabbatar ya daina juyawa kafin a rufe.