Fodkas ɗin gem da Hausa: tambayoyin da ƴan fada ke yawan yi mini

Tun da munka fara ɗaukar hirarmu ta gem a waya muna tura ma mutane, da wuya in yi kwana biyu ba a tare ni da tambaya ba, wani a fada wajen shayi, wani a sal ɗin Play na unguwarmu nan Maradi, wani kuma ta WhatsApp daga Tasawa ko Madarunfa. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda.

Yaya, wai mi ne ne fodkas ɗin nan, ba rediyo ba ne?

Ɗan'uwan rediyo ne, sai dai shi ba ya da lokaci. Shirin rediyo in ka makara ya wuce ka, shi kuwa fodkas murya ce da anka ɗauka anka ajiye a intanet, ka sauke ta a wayarka ka saurara sa'ad da ka ga dama, ka tsayar ka tashi ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya. Sunan ya fito ne a 2004, wani ɗan jarida Ben Hammersley ya yi amfani da shi a jaridar Guardian ta Ingila, an haɗa sunan iPod, ƴar na'urar sauraren kiɗa ta Apple, da kalmar Ingilishi mai nufin watsa shiri. A 2005 Apple ta sa shi cikin iTunes, manhajarta ta sauke kiɗa, daga nan ya bazu.

Mu kam kunnenmu ya riga ya saba. BBC na magana da Hausa tun 1957, kuma kowa ya tashi ya ga tsoho zaune bisa tabarma da rediyo manne a kunne. Abin da ya rage kawai shi ne mu ma mu yi maganar abin da ya dame mu.

To ai gem kallonsa ake yi, ina amfanin murya kawai?

Wagga ita ce tambayar da na fi son amsawa. Ka je sal da yamma ka tsaya ka lura. Mach ɗin ƙwallo minti goma ne ya ƙare, an ajiye manet, amma musun da zai biyo baya sai ya kai awa ɗaya, wanda anka ci yana rantsuwa maɓallin harbi ne ya maƙale, wanda ya ci yana nuna da hannu yadda ya yanke gola, yaran da ke zaune kan benci suna jiran layi kowa ya ɗauki ɓangare, mai sal na ta faman cewa a biya dala ashirin ko a ba wasu wuri. Wanga musun shi ne shirin. Mu ba mu ƙirƙiro komi ba, waya kawai munka ajiye a tsakiya.

Sannan ga maganar mega, wadda ita ce ke hukunta komi a garin nan. Murya in ka adana ta a MP3 mai 64 kbps, minti ɗaya bai kai rabin mega ba, ke nan hirar minti 30 za ta tsaya wajen mega 14 zuwa 15. Bidiyo mai tsawon haka in yana da kyan hoto sai ya ci ɗaruruwan mega. Wanda forfe ɗinsa na kwana ɗaya ne zai iya sauke muryar, bidiyon kuwa zai duba girmansa ya wuce. Kuma murya ba ta hana aiki, akwai tela da ke saurarenmu ƙafarsa na kan keke, akwai ɗan kabu-kabu da ke ji yana jiran fasinja a bakin kasuwa.

Mi za ku yi ta faɗa kowane mako, maganar ba ta ƙarewa?

Wallahi ba ta ƙarewa. Ka ɗauki rigimar ƴan PES da ƴan FIFA kaɗai, gem biyu na ƙwallo. Konami, kamfanin Japan, ya canja ma PES suna ya koma eFootball a 2021, ya mai da shi kyauta, kuma fitowar farko ta zo da matsaloli har mutane sunka yi ta kuka da ita. Shi kuma EA, kamfanin da ke yin gem ɗin FIFA, ya rabu da hukumar ƙwallo ta FIFA bayan kusan shekara 30 suna tare tun 1993, wasan ya koma FC 24 a 2023. Amma ka shiga kowane sal yau, har yanzu PES da FIFA ake ce musu, ba wanda ya bi sabon sunan. Mun yi shiri guda cur a kan wannan.

Akwai Free Fire da PUBG, gem na harbe-harbe a waya. Free Fire na kamfanin Garena ne na Singafo, ya fito 2017, mutum 50 ke sauka a tsibiri kuma wasan kamar minti goma ne. PUBG Mobile ya zo 2018 da mutum 100, ya fi tsawo ya fi nauyi. Dalilin da Free Fire ya fi kama yaranmu a fili yake, ƙaramar waya na iya ɗaukarsa. Akwai kuma bayanin abin da kowa ke fama da shi bai san sunansa ba, wato ka danna harbi sai bayan ɗan lokaci mutuminka ya harba, alhali an riga an kashe ka. Ba hannunka ba ne, saƙon ne ke tafiya har babbar kwamfutar wasan da ke wata ƙasa mai nisa ya dawo, in rezo ya yi rauni tafiyar ta ƙara tsawo. Ranar da munka yi bayanin nan da Hausa wani yaro ya turo murya yana cewa shi da ya ɗauka wayarsa ce ta lalace har yana shirin sai da ta.

PlayStation 2 ma da ya fito tun 2000 yana nan da ransa a wasu unguwanni, akwai abin faɗa kan masu gyaransa. Akwai wasannin da ƴan Afirka sunka yi, kamar Aurion na kamfanin Kiro'o Games a Kamaru da ya fito 2016. Ni burina ma wata rana mu zauna da tsofaffin da ke buga dara a gindin bedi, don dabarar da ke cikin dara ba ta gaza ta kowane gem ba.

Wane kaya zan saya kafin in fara?

Kada ka sayi komi tukuna, ƙanena. Wayarka da ekutar mai ɗan mikro sun isa. Abin da ke kashe shiri ba rashin kaya ba ne, ƙara ce. Shirinmu na uku mun ɗauke shi cikin zafin Afrilu, mun bar fanka na juyawa, hira ta yi daɗi minti 40, da munka kunna sai huuu kawai kake ji, muryoyin can ƙasa kamar daga rijiya. Dole munka sake. Tun daga ranar muke kashe fanka mu jure zufa, mu shiga ɗakin da ke da katifa da labule saboda suna shanye amsa-kuwwa, mu nisanci janareto in an ɗauke kuran, wayar kuma a sa ta yanayin jirgi kada kira ya katse. Bakinka ya kasance kamar taƙi ɗaya daga mikro. In kuna da yawa, doka ɗaya ce, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, kuma ita ce ta fi wuyar bi ga ƴan fada.

In akwai kwamfuta, Audacity kyauta ne, da shi za ka yanke tari da shiru da inda anka kauce hanya.

Ina zan sa shi mutane su ji?

Ka fara da inda mutanenka suke, WhatsApp da Telegram. Daga nan shi da kansa zai yi tafiya ta Xender da Bluetooth, waya zuwa waya ba mega. Spotify na karɓar fodkas kyauta, YouTube ma za ka iya ɗora murya da hoto ɗaya tsaye. Amma kada ka sa waƙoƙin cikin gem a matsayin kiɗan buɗe shiri, suna da masu su, YouTube na gane su da kansa ya toshe ko ya ba mai waƙar kuɗin tallan.

Da Faransanci zan yi ko da Hausa?

Da Hausa. Masu yi da Faransanci da Ingilishi sun cika duniya kuma sun fi ka kaya. Ka yi da bakin da kake musu da shi a sal, manet ɗinka da rezo ɗinka duk ka bar su yadda suke. Ƴan Jibiya da Katsina da Kano za su ji ka sarai, kalma ɗaya ko biyu ce kawai za su tambaya, su ma suna da nasu na aro da za ka koya.

Ana samun kuɗi?

Ba da wuri ba. YouTube kafin ya fara raba kuɗin talla da kai yana neman mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin wata 12. Abin da ya fi kusa shi ne mai sal ko mai gyaran waya na unguwa ya ce ka ambaci shagonsa ya saya maka forfe.

Baba ya ce duk ɓata lokaci ne, mi zan ce masa?

Kada ka yi musu da shi, don akwai gaskiya a maganarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta amince da sa kamuwa da gem cikin jerin cututtuka, wato mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa kan karatu da aiki da iyali, ya ci gaba duk da yana ganin illar, kuma yawanci sai abin ya ɗauki wata 12 kafin a kira shi ciwo. Ba kowane mai wasa ba ne, amma mun san yaran da ke gudun lakol su yini a sal, mun san wanda ya kwashe kuɗin cefane ya sayi daimon, kuɗin cikin wasan Free Fire. In shirinmu bai taɓo wannan ba to mun ɓoye rabin labarin.

Mu abin da munka yi, mun roƙi mahaifin ɗaya daga cikinmu ya shigo shirin. Ya zo da carbinsa ya zauna kan kujerar roba, munka gaishe shi munka ajiye wayar gabansa. Ya ce shi ba ya ƙin wasan, abin da ke ɓata masa rai shi ne ya kira ɗansa sau uku bai ji ba saboda ekutar na kunne. Ɗan yana zaune gefe kansa ƙasa. Ana cikin haka anka kira la'asar, munka tsayar da ɗauka munka tahi masallaci, da munka dawo Baba da kansa ya ce a kunna, akwai saura.