Feshin gas daga jariran taurari

Feshin gas shi ne iskar da tauraro mai tasowa ke watsowa ta ɓangarorinsa biyu masu kishiyantar juna, tun yana lulluɓe cikin gajimaren da ya haife shi. Tauraro na samuwa ne idan dunƙulen gas da ƙura mai tsananin sanyi, kimanin digiri 10 a ma'aunin Kelbin (ma'aunin da ke farawa daga ƙarshen sanyi), ya kasa ɗaukar nauyin kansa ya rufta. Da yake dunƙulen na juyawa, kayan ba sa faɗawa tsakiya kai tsaye. Sai su baje kamar faifai a kewayen jaririn, daga nan yake ci.

Kayan da ke juyi da sauri ba sa gangarawa ciki sai an rage musu ƙarfin juyin, kuma aikin feshi ke nan. Layukan maganaɗisu da suka ratsa faifan suna juyawa tare da shi, suna wulwula gas kamar dutse a majajjawa. A 1982 Roger Blandford da David Payne suka nuna da lissafi cewa idan layin ya karkata fiye da digiri 30 daga sandar juyin, gas zai bi shi ya tsere. Abin da ya tsere, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da jaririn ke ci, shi ke tafiya da juyin, ragowar ta samu hanya.

Feshin kashi biyu ne. A tsakiya akwai siririyar tsartuwa mai gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa. Inda ta bugi gas sai wurin ya yi zafi ya haskaka, su ne curorin Herbig-Haro, da sunan George Herbig da Guillermo Haro. A gefe kuma akwai gas ɗin da tsartuwar ta kwaso, mai faɗi da nauyi amma marar sauri. Ana gano shi da siginar rediyo ta iskar kabon monoksaid, mai tsawon zango milimita 2.6, kamar yadda aka yi a 1980 a L1551, cikin gajimaren Taurus, can kusa da Kaza da 'Ya'yanta a sararin sama.

A matakin farko, Aji 0, wanda ke ɗaukar kimanin shekara 100,000, feshin ya fi ƙarfi da matsewa. Yayin da abinci ke raguwa a matakan gaba, Aji I da Aji II, shi ma sai ya yi sanyi. Ba kuma a jere yake fita ba: ƙulle-ƙullen da ke jikin tsartuwa shaida ce cewa jaririn kan yi haɗama lokaci-lokaci, irin yadda jaririn tauraro FU Orionis ya ƙara haske kwatsam a 1936.

Kusan sulusin nauyin dunƙule ne kawai ke zama tauraro. An daɗe ana ɗora wa feshi alhakin sauran, cewa ramin da yake haƙawa na ta faɗaɗa har ya katse abincin. Awon wannan rami na da wuya: idan feshin ya fuskanci Duniya ko ya ba ta gefe, faɗinsa kan ruɗi mai awo, gas marar sauri kuma kan saje da na gajimare. A 2021 Nolan Habel da Tom Megeath suka nazarci jarirai 304 a rukunin taurarin Oriyon da na'urorin hangen nesa na Hubble da Spitzer da Herschel, suka tarar ramukan ba sa faɗaɗa daidai da shekaru. Har tsofaffin jarirai akwai masu ƙuntataccen rami. Wannan sakamako ya raunana tsohon bayanin ƙwarai.

Daga Kaduna Oriyon na hayewa kusan tsakar ka da daddare a watan Janairu. Ranar da hazo ya lafa, a wajen gari inda fitilu suka yi ƙaranci, ana ganin gajimarensa da ido a gefen taurari ukun nan da ke jere, a nisan kimanin shekarar haske 1,350.