Ma'anar "ƙarin Sticker": ciwon dajin da kare ke ɗauka daga kare

A Yamai, mai karen gadi da ya ga jini na ɗiga daga al'aurar karensa yakan ce faɗa ya yi, ko waya ce ta yanke shi. In karya ce, sai a ce lokacin barbararta ne ya zo. Sai jinin ya ƙi tsayawa har makonni kafin a nemi likitan dabbobi, kuma a can ne mutum zai iya jin wannan suna: ƙarin Sticker.

Ƙari dai tsiro ne da ke fitowa a nama idan ƙwayoyin halitta suka yi ta hayayyafa ba tsayawa. Sticker kuwa sunan wani Bajamushe ne, Anton Sticker, wanda ya yi nazarin cutar a farkon ƙarni na 20. Kafin shi, a 1876, wani likitan dabbobi ɗan Rasha, Novinsky, ya nuna ana iya ɗauke wannan ƙari daga jikin kare a dasa shi a jikin wani ya kama.

Nan ne abin mamakin yake. Ciwon daji, a yadda aka san shi, daga jikin mai shi yake tasowa, ba a ɗaukarsa. Wannan kuwa ƙwayoyin ƙarin ne da kansu ke ƙaura daga kare zuwa kare lokacin barbara, su manne inda fata ta kuje, su ci gaba da girma. Ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba, kuma ba naman karenka ba ne: asalinsa jikin wani kare ne da ya mutu shekaru dubbai da suka wuce. Shaidar hakan ita ce, ƙwayar halittar kare tana da kuromosom 78, wato 'yan zaren da ke ɗauke da gadon halitta, ta wannan ƙari kuwa wajen 59. Da yake ta barbara yake yaɗuwa, ya fi yawa a inda karnuka ke yawo sake, irin yadda namu ke fita da dare su gauraya da na bola. Ta lasa da shinshina ma yakan kama baki ko hanci.

Tsiron ja ne, mai gudaji-gudaji kamar kan farin kabeji, da an taɓa sai jini. A jikin namiji yakan ɓuya cikin kube, ba a ganinsa sai an janye fatar. Amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci, domin akwai wasu ƙararrakin da ke kama da shi. Likita zai dangwala ɗan gilashi a kan tsiron, ya rina, ya duba a madubin likita, ya ga ƙwayoyi zagayayyu masu 'yan ramuka a ciki. Aikin ba ya daɗewa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake korar irin wannan kare daga gida, ko a kashe shi, alhali cutar tana cikin ciwon dajin da ya fi jin magani. Ana yi masa allurar binkiristin, wani maganin ciwon daji, ta jijiya sau ɗaya a mako, galibi mako huɗu zuwa shida, tsiron ya yi ta motsewa har ya ɓace. Yanke tsiron kaɗai ba ya wadatarwa, yakan dawo. Allurar kuma ba ta yin gida ba ce, in ta zuba a wajen jijiya tana cinye nama. Korarren kare kuwa can zai je ya baza wa sauran na unguwa.

Mutum ba ya ɗaukar wannan cuta, mage ma haka. Duk da haka a sa safar hannu in za a duba wurin, a tsare karen a gida har ya warke, in da hali a yi masa fiɗiya don ya rage yawon dare.