Ciwon haƙori da hanyoyin maganinsa

Ciwon haƙori suna ne da ke tattare da cututtuka da dama masu kama haƙori ko dasashi, mafi yawansu kuma ruɓewar haƙori ce da ciwon dasashi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da wata cuta ta baki, kuma kimanin biliyan 2.5 daga cikinsu na da ruɓaɓɓen haƙori da ba a yi wa magani ba. Yaro na da haƙoran nono 20, waɗanda yake fara zubarwa wajen shekara 6 idan famfara ta zo. Babba na da 32, idan an haɗa da huɗun can ƙurya da ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25.

Ruɓewar haƙori

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, sai wani ɓangare mai ɗan laushi a ƙarƙashinsa, sai ɓargo na can ciki inda jijiya da hanyoyin jini suke. Ƙwayoyin cuta na baki suna taruwa cikin wani datti mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Duk lokacin da aka sha zaƙi, sukan ci sukarin su fitar da sinadari mai tsami, shi kuma ya riƙa zaizaye ɓawon har ya yi kogo. Yawu kan wanke tsamin, ya mayar wa haƙori abin da ya rasa, amma yana buƙatar lokaci. Shi ya sa wanda ke tsotsar alewa ko kurɓar lemon kwalba a hankali yini guda ya fi cutuwa bisa wanda ya sha zaƙinsa sau ɗaya bayan abinci.

An daɗe a ƙasar Hausa ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har akwai masu turara hayaƙi su nuna wai ga ta ta faɗo. Wannan zato tsoho ne ƙwarai, domin mutanen Mesofotamiya, inda ƙasar Iraƙi take a yau, ma sun rubuta shi dubban shekaru da suka wuce. A 1890 ne wani likita Ba'amurke, Willoughby Miller, ya bayyana cewa ƙwayoyin cuta da tsamin da suke fitarwa ne ke yin ɓarnar. Babu tsutsa ko ɗaya.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne farkon ruɓewa ba ya ciwo. Sai kogon ya yi zurfi ake jin zogi idan an sha ruwan sanyi, idan kuwa ya kai ga jijiya, barci ma gagara yake, wani lokaci har kumatu ya kumbura da mugunya. Kanumfari da ake cusawa a kogon yana dusashe raɗaɗin da gaske, amma bai hana ruɓewar ci gaba.

Abin da likita ke yi

Magani ya danganta da inda ɓarnar ta kai. Idan kogo ƙarami ne, likita kan kankare ruɓaɓɓen wurin ya cike shi. A da an fi cikewa da wani haɗin ƙarfe mai launin azurfa, wanda kusan rabinsa zaiba ce. Tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda aka ƙulla don taƙaita amfani da zaiba saboda gubarta, ƙasashe ke ta rage amfani da shi, ana komawa ga farin ciko mai kama da haƙori. Idan ciwon ya shiga jijiya, akan huda haƙorin, a kwashe ɓargon, a wanke ramin saiwar a toshe, sannan a ɗora masa hula don kada ya tsage. Aikin na da tsada kuma yakan ɗauki zuwa fiye da ɗaya, don haka mai zuwa asibiti a makare yakan ce a cire kawai ya huta. Sai dai giɓin da aka bari kan sa haƙoran gefe su karkace. Akan maye gurbin da haƙorin roba da ake cirewa a mayar, ko wanda ake maƙalawa jikin na gefe, ko kuma a dasa ƙusar ƙarfen titaniyom cikin ƙashin muƙamuƙi, dabarar da likitan ƙasar Suwidin Per-Ingvar Brånemark ya fara yi wa mutum a 1965.

Ciwon dasashi

Dattin da ba a goge ba yakan ƙafe ya zama kamar dutse a gindin haƙori, buroshi ba ya iya cire shi. Dasashi sai ya kumbura, ya riƙa zubar da jini wajen goge baki, baki ya yi wari. A wannan mataki wankin haƙori a asibiti ya isa. Idan aka bari, ciwon kan ci ƙashin da ke riƙe da haƙori har ya fara girgiɗa ya faɗi, ko da shi kansa lafiya lau yake. Shan taba da ciwon suga suna tsananta shi.

Akwai kuma cutar noma, mai farawa daga dasashin ƙananan yara masu fama da tamowa, ta cinye leɓe da kumatu cikin 'yan kwanaki. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin ta tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Rigakafi

Likitoci na ba da shawarar goge baki sau biyu a rana da man goge baki mai sinadarin fuloraid, musamman kafin kwanciya, saboda yawu na raguwa cikin barci. Asuwaki ma yana cire datti sosai idan an bi haƙora ciki da waje, ba na gaba kaɗai ba. Idan haƙorin babba ya fita gaba ɗaya sakamakon faɗuwa ko haɗari, a riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, a tsoma shi cikin madara, a kai wa likita cikin awa guda. Sau da yawa ana iya mayar da shi ya kama.