Horar da Yatsu a Kiɗan Jita

Horar da yatsu a kiɗan jita shi ne atisayen da mai koyo yake yi domin yatsunsa su saba da saurin tafiya a kan tsirkiya, hannuwansa biyu kuma su riƙa aiki tare ba tare da ɗaya ya riga ɗaya ba. Jitar da aka fi sani tana da tsirkiya shida, aikin da ake yi a kanta kuwa ya kasu gida biyu: hannu ɗaya, galibi na hagu, yana danne tsirkiya a jikin wuyan jita domin zaɓar sautin da ake so, ɗayan kuma yana kaɗa ta da yatsu ko da ɗan tsinken roba mai faɗi. Akwai siraran ƙarafa da aka gitta a wuyan jitar suka raba shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da sautinta. Sauti ba ya fita tas sai yatsan da ke dannewa ya sauka daidai lokacin da ɗayan hannun ya taɓa tsirkiyar, shi ya sa malaman jita da yawa suke ganin cewa abin da sabon mai koyo yake kira nauyin hannu, yawanci rashin jituwa ne tsakanin hannun hagu da na dama.

Sunayen yatsu

A littattafan koyarwa ana ba yatsun hagu lamba daga 1 zuwa 4, ana farawa daga manuni zuwa ƙaramin yatsa, babban yatsa kuma yana zama a bayan wuyan jita a matsayin madogara. Yatsun dama ana nuna su da haruffa huɗu, p, i, m da a, waɗanda su ne haruffan farko na sunayen babban yatsa, manuni, na tsakiya da na zobe a harshen Sifaniyanci.

Tarihi

Jita mai tsirkiya shida tilo-tilo ta bayyana ne wajen ƙarshen ƙarni na 18, a Italiya da Faransa bisa ga rinjayen ra'ayi, kuma cikin shekaru kaɗan ta zama abin yayi a gidajen masu hali na Biyenna da Faris. Yawan masu son koyo ya jawo buƙatar littattafai, har ma za a iya cewa akasarin atisayen da ake ba masu koyo a yau an tsara tushensu ne a shekaru arba'in na farkon ƙarni na 19.

Ferdinando Carulli (1770–1841), mutumin Napoli da ya zauna a Faris, ya fitar da littafin koyarwarsa a wajajen 1810, kuma har yanzu ana sake buga shi. Amma aikin da ya fi tasiri a kan hannun dama shi ne na Mauro Giuliani (1781–1829), wanda aka buga a Biyenna a 1812. A kashin farko na littafin akwai atisaye 120, kuma dukkansu an gina su ne a kan haɗin sauti iri biyu kacal da hannun hagu yake riƙewa yana saki. Hikimar abin ita ce, tunda hannun hagu ba shi da wani sabon aiki, hankalin mai koyo gaba ɗaya yana komawa kan yatsun dama, waɗanda suke sauya tsarin taɓa tsirkiya daga atisaye zuwa atisaye, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Wannan dabara ta sauƙaƙa wa hannu ɗaya domin a tsananta wa ɗayan ita ce ginshiƙin koyarwar jita har gobe, kuma ba a cika samun makarantar kiɗa da ta yi watsi da waɗannan atisaye ba duk da sun haura shekara ɗari biyu.

Mutum biyu 'yan Sifaniya, Fernando Sor (1778–1839) da Dionisio Aguado (1784–1849), abokan juna ne da suka zauna a Faris, amma sun saɓa a kan batun farce. Aguado, wanda littafinsa ya fito a 1825 sannan sabon tsarinsa a 1843, yana kaɗawa da farata saboda suna ba da sauti mai kaifi kuma suna sauƙaƙa gudu. Sor kuwa da tsokar yatsa yake kaɗawa, yana fifita zaƙin sauti a kan sauri. Littafinsa na 1830 ya bambanta da na sauran domin bayani ya fi yawa a cikinsa, yana kawo dalilin kowace ƙa'ida, har da zane-zanen hannu, kuma ya taƙaita amfani da yatsan zobe na dama saboda rauninsa. Dukansu biyu sun lura cewa hannun da ke fama da riƙon jita kada ta zame ba zai sake ya yi gudu ba. Sor ya ba da shawarar a jingina gefen jitar da teburi, Aguado kuma ya ƙirƙiro wani abu mai ƙafa uku da ke riƙe ta, ta yadda makaɗin ba ya ɗaukar nauyinta sam. Ƙirƙirar tasa ba ta karɓu ba, amma matsalar da ya hango gaskiya ce. A cikin wannan zamani ne kuma Matteo Carcassi, wanda ya rasu a 1853, ya rubuta gajerun kiɗe-kiɗen horo guda 25 da suke zama gada tsakanin matakin farko da na tsakiya.

A rabi na biyu na ƙarni na 19, kafinta Antonio de Torres (1817–1892) ya ƙera jita mai babban ciki da tsirkiya mai tsawon kusan santimita 65, girman da ya zama ma'auni. Francisco Tárrega (1852–1909) ne ya fi kowa fito da abin da wannan sabuwar jita za ta iya. Ana danganta masa yaɗa salon da ake kira apoyando, inda yatsa yake kaɗa tsirkiya ya je ya huta a kan wadda ke kusa da ita, saɓanin tirando inda yatsan yake wucewa cikin iska. Ko shi ne ya ƙago salon ko kuwa ya tarar da shi, akwai saɓani. Tárrega bai bar littafin koyarwa cikakke ba. Almajirinsa Emilio Pujol (1886–1980) ne ya tattara ƙa'idojinsa cikin juzu'i huɗu da suka fara fitowa a 1934.

Makaɗin jita ɗan Sifaniya Andrés Segovia (1893–1987) ya fitar da ɗan ƙaramin littafi a 1953 mai ɗauke da tsanin sauti 24, wato jerin sautuka masu hawa da sauka, tare da nuna yatsan da zai taka kowace gaɓa. Ya umarci a maimaita kowanne da musayar yatsun dama iri-iri, manuni da na tsakiya, na tsakiya da na zobe, manuni da na zobe, kuma ya ba da shawarar a ba wannan aiki awa biyu kullum. A shekarun 1940 ya haɗa kai da maƙerin jita Albert Augustine wajen samar da tsirkiyar nailan da ta maye gurbin ta hanjin dabba, wadda ba ta da ƙarko kuma take saurin kwancewa idan yanayi ya sauya. Daga baya Abel Carlevaro (1916–2001) na ƙasar Urugwai ya karkatar da hankali daga yatsu zuwa ga jiki duka, yana koyar da cewa dantse da wuyan hannu ne ya kamata su kai yatsa wurin da zai sauka, ba yatsan ya miƙe da kansa ba.

Halittar hannu

Manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu da miƙar da su ba a cikin yatsun suke ba, suna a sangalin hannu ne, dogayen jijiyoyi kuma suna ratsa wuyan hannu su kai ƙarfin ga yatsu. A bayan hannu waɗannan jijiyoyi suna haɗe da juna ta wasu ƙananan zaruruwa. Manuni da ƙaramin yatsa kowanne yana da ƙarin tsoka tasa ta miƙewa, yatsan zobe kuwa ba shi da ita, don haka da wuya ya ɗaga shi kaɗai ba tare da ya ja maƙwabtansa ba. Mai koyo yana iya gani da idonsa: idan ya kifa tafin hannunsa a kan teburi ya naɗe yatsan tsakiya ƙarƙashi, sauran za su ɗagu amma na zobe zai maƙale. Wannan halitta ce, atisaye yana rage ta amma ba ya kawar da ita.

Mafi yawan canjin da horo yake kawowa a ƙwaƙwalwa yake faruwa. A 1995 Thomas Elbert da abokan aikinsa sun auna ƙwaƙwalwar masu kaɗa kayan tsirkiya su tara, suka gano cewa sashen da ke karɓar saƙo daga yatsun hagu ya fi na sauran mutane faɗi, musamman ga waɗanda suka fara tun suna yara. A 2002 kuma Matthew Walker da abokansa a Jami'ar Harvard sun koya wa mutane buga jerin lambobi da yatsu, suka tarar saurinsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari bayan barcin dare ɗaya, alhali waɗanda suka yi tsawon wannan lokaci a farke ba su samu irin wannan ƙari ba. Sakamakon ya dace da abin da malamai suka daɗe suna faɗa, cewa minti ashirin kullum ya fi awa uku a rana ɗaya cikin mako.

Atisayen farko

Atisayen da ya fi yaɗuwa shi ne a ba kowane yatsa gaɓarsa: manuni a ta farko, na tsakiya a ta biyu, na zobe a ta uku, ƙarami a ta huɗu, a bi tsirkiyoyi shida ɗaya bayan ɗaya a dawo. Yatsu huɗu suna iya jeruwa ta hanyoyi 24, kamar 1-3-2-4 ko 4-2-3-1, kuma sauya jerin yana hana hannu sabawa da hanya ɗaya. Ga mai ƙaramin hannu gara ya fara daga gaɓa ta biyar ko ta bakwai, inda gaɓoɓin suka fi matsuwa.

Kurakurai biyu ne suke cinye saurin sabon mai koyo, kuma dukansu ana ganinsu da ido. Na farko shi ne tashin yatsu: da zarar manuni ya danna, sai ƙaramin yatsa ya miƙe sama ya yi nisa da tsirkiya, ta yadda idan lokacinsa ya zo sai ya yi doguwar tafiya kafin ya sauka, ya iso a makare. Na biyu shi ne matsa fiye da kima, har a ga farcen babban yatsa ya yi fari a bayan wuyan jita, kafaɗa kuma ta ɗage zuwa kunne. Maganin da malamai suke bayarwa shi ne a ɗora yatsa dab da bayan ƙarfen gaɓa ba tare da dannawa ba, a riƙa kaɗa tsirkiyar ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan; da fari za a ji sauti a toshe, sannan zizar ƙarfe, sannan sautin ya fito tas. Nauyin da ya fito da shi shi ne iyakar abin da ake buƙata, kuma kusan kowane mai koyo yana mamakin ƙanƙantarsa.

A hannun dama ƙa'idar ita ce musaya: kada yatsa ɗaya ya kaɗa sau biyu a jere, ko kuma, ga mai amfani da tsinke, a riƙa kaɗawa ƙasa da sama bi da bi.

Na'urar auna bugu

Mitironom na'ura ce da ke bugawa a kan lokaci ba ta ƙari ba ta ragi. Johann Maelzel ne ya yi mata rajista da sunansa a 1815, kodayake masana tarihi da yawa suna ganin Dietrich Winkel na Amstadam ya riga shi ƙera ta. Idan aka saita ta a bugu 60 a minti kuma aka fitar da sauti huɗu a kowane bugu, ana kaɗa sauti huɗu ke nan a daƙiƙa. A bugu 120 sun zama takwas. Al'adar da aka gada ita ce a fara a inda ba a kuskure, a ƙara bugu kaɗan bayan an maimaita sau da yawa lami lafiya. Wasu malamai suna ganin hawa a hankali kaɗai ba ya isa, domin motsin gudu daban yake da na tafiya, sai suke haɗawa da gajeren gudu na sauti uku ko huɗu a tsaya. Ba a daddale tsakanin ra'ayoyin biyu ba.

Ciwo da rauni

Zafin kan yatsu a makonnin farko ba abin damuwa ba ne, yana gushewa idan fata ta yi kanta, kuma tsirkiyar nailan ta fi ta ƙarfe sauƙi a wannan mataki. Ciwon wuyan hannu ko gwiwar hannu, ko jin yatsu sun yi sanyi kamar ba a jiki suke ba, alama ce ta a dakata a ga likita. Akwai kuma wata lalura ta ƙwaƙwalwa da ake kira distoniya, inda yatsa yake naɗewa da kansa lokacin kiɗa ba tare da ciwo ba. An ƙiyasta tana kama kusan ɗaya cikin ɗari na ƙwararrun makaɗa. Ana yawan ambaton Robert Schumann, mai kiɗan fiyano da hannunsa na dama ya lalace a wajajen 1832, wai saboda wata na'urar miƙar da yatsu, amma ana jayayya a kan ainihin dalilin.

Wasu hanyoyin koyo

Ba kowane gwani ne ya bi ta littattafan Turai ba. Django Reinhardt (1910–1953) ya ƙone a gobarar da ta tashi a ɗaki mai taya da yake kwana a ciki a 1928, yatsan zobe da ƙarami na hagu suka shanye, amma ya sake tsara hanyar takunsa ya riƙa gudu da yatsu biyu, har ya zama ɗaya daga cikin manyan makaɗan jaz. A kiɗan filamenko na kudancin Sifaniya ana koyo ne ta kallo da maimaitawa a cikin dangi, kamar yadda Paco de Lucía (1947–2014) ya koya a hannun mahaifinsa da yayansa. A Nijar ma, makaɗan Abzinawa irin su Bombino da Mdou Moctar sun koya ne ta kunne da kallo, salonsu kuma ya dogara ƙwarai ga hannun dannewa, inda yatsa yake faɗa wa tsirkiya ko ya fizge ta ya fitar da sauti ba tare da ɗayan hannun ya kaɗa ba. Mdou Moctar, wanda bahago ne, ya haɗa jitarsa ta farko da kansa da wayoyin birkin keke.

A yau masu farawa da yawa suna samun waɗannan atisaye ta bidiyon intanet, mitironom kuma ta koma manhaja a cikin wayar hannu.