Waiwaye: Mutanen da Suka Raini Sana'ar Zumar Maple

A ƙauyen Croghan da ke arewacin jihar New York akwai wani gidan tarihi da ke ajiye kayan sana'ar zumar maple: bokitan katako, tsofaffin bututun da ake cusa wa bishiya, da faffaɗan tiren dahuwa. An kafa shi a wani gari a 1977, ya koma Croghan a 1980. Duk watan Mayu, bayan an gama kakar tatsa, masu sana'ar daga Amurka da Kanada kan hallara a nan, a karrama waɗanda majalisarsu ta zaɓa, yawanci mutum biyu, a sa sunayensu a zauren girmamawa. Sai dai sana'ar ta girmi zauren nesa ba kusa ba.

Maple ita ce bishiyar nan da ganyenta ke jikin tutar Kanada. A ƙarshen hunturu, idan dare ya daskare da sanyi, rana kuma ta ɗan saki, sai ruwan jikinta ya fara zuba. Ka ɗanɗana shi kamar ruwan sha ne, sukarinsa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Sai an tafasa kusan lita 40 kafin a samu lita ɗaya ta zuma. Wanda ya taɓa tsayawa gaban masu dafa mazarƙwaila ya san irin wannan jiran da irin itacen da yake ci.

Mutanen asali na yankin, irin su Ojibwe da Abenaki da Haudenosaunee, su suka fara. Sukan tsaga bishiya su tari ruwan a mazubin ɓawon itace, kuma a wurin Ojibwe mata ne ke riƙe da sansanin dahuwa. Turawa a hannunsu suka koya, amma ba wanda ya damu ya rubuta sunayen waɗannan mata. A shekarun 1790 wani likitan Philadelphia, Benjamin Rush, ya yi ta tallata sukarin maple don mutane su daina sayen na rake, wanda bayi 'yan Afirka ke nomawa a tsibiran Karebiyan. Thomas Jefferson ma ya dasa maple a gonarsa, shi da ke da bayi birjik. Abin bai yi nisa ba.

Wanda ya mai da ita babbar kasuwa shi ne George Cary. Yadda ake ba da labarin, a 1886 yana yawon tallan kayan masarufi a jihar Vermont ta Amurka, wani mai kanti ya ce ba zai sayi kaya ba sai in za a karɓi sukarin maple a madadin kuɗi. Cary ya karɓi sukari mai nauyin fam 1,500, ya rasa yadda zai yi da shi, har ya dace da masu sarrafa taba da ke neman abin zaƙi mai araha. Daga nan ƙofa ta buɗe. Ya kafa kamfani a St. Johnsbury, ya riƙa saye har cikin Kanada, aka yi masa laƙabi da sarkin sukarin maple. A 1931 kamfanin ya durƙushe, shi ma ya rasu a shekarar.

Manoman lardin Quebec na Kanada ba su ji daɗin sarautar nan ba, domin mai saye ke yanka farashi, su kuwa sai dai su karɓa. A 1925 Cyrille Vaillancourt, wani jami'in gona, ya haɗa kansu suka kafa ƙungiyar gama-kai, wadda yau ake kira Citadelle. A ganina shi ya fi Cary barin abin da ya daɗe. Quebec ce yanzu ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na zumar maple ta duniya, har da rumbun ajiya don shekarar da bishiya ta ƙi. Daga ajiyar nan ne ɓarayi suka zuƙe zuma ta kusan dalar Kanada miliyan 18 tsakanin 2011 da 2012, suna cika wasu gangunan da ruwa.

Sai masu bincike. C. H. Jones na Jami'ar Vermont ya bar wa manoma lissafin da har yau suke yi da ka: raba 86 da yawan sukarin ruwan, ka san galan nawa za ka dafa kafin ka samu galan ɗaya na zuma. A 1946 jami'ar ta buɗe cibiyar binciken maple ta Proctor a Underhill, ƙarƙashin James Marvin da Fred Taylor. A ƙarshen shekarun 1950 su Nelson Griggs da Bob Lamb suka fito da siririn tiyon roba da ke haɗa bishiya da bishiya, ruwa ya gangaro da kansa zuwa tanki. Kafin nan sai mutum ya bi bishiya ɗaiɗai cikin ƙanƙara har gwiwa, yana juye bokiti, doki na jan ganga a bayansa. Tsofaffin bokitan nan su ne yanzu a jere a Croghan, kusa da hotunan waɗanda suka sa aka ajiye su.