Girgizar ƙasa da motsin farantan ƙasa

Girgizar ƙasa ba ko'ina take yawan aukuwa ba, akwai ƙasashen da ta zame musu jiki kamar Japan da Indonesiya da Chile da Turkiyya, dalilin kuwa yana can ƙarƙashin ƙafafunsu. Ɓawon duniyar nan ba a dunƙule yake ba, a tsage yake kashi-kashi kamar tukunyar da ta fashe amma ba ta warwatse ba, kowane kashi masana na ce masa faranti. Manyan guda 7 ne sai ƙanana da dama, kuma duk tafiya suke a hankali, 'yan santimita a shekara, kusan yadda farce ke tsiro.

To a bakin iyaka, inda faranti biyu suka haɗu, nan rigimar take. Dutse ba ya zamewa salin-alin, maƙalewa yake yi alhali ana ta turo shi daga baya, sai a yi shekara ɗari ko fiye ƙarfi na taruwa, ranar da ya kasa riƙewa sai ya ɓalle lokaci guda ya yi tsallen mitoci cikin daƙiƙu. Ɓallewar nan ita ce girgizar. Shi ya sa dogon shiru a irin wannan wuri ba alamar lafiya ba ce, abin ma tsoro ne.

Waɗanda suka fi ƙarfi suna zuwa ne inda wani faranti ke nutsewa ƙarƙashin wani, galibi a kewayen tekun Pasifik, yankin da ake kira Zoben Wuta, kusan kashi 90 cikin 100 na girgizar duniya a nan ne. Farantin Nazca da ke gabashin tekun Pasifik na shigewa ƙarƙashin Kudancin Amurka, shi ya haifar da ta Chile a 1960 mai maki 9.5 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa, ba a taɓa auna wadda ta kai ta ba. In kuma ƙasan teku ne ya ɗago sai ya tunkuɗo ruwa, tsunami kenan, kamar a Sumatra 2004 da Japan 2011.

Nepal kuwa karo ne, farantin Indiya ke tunkarar na sauran Asiya har yau.

Ta Turkiyya daban ce, farantin Larabawa na matso na Anatoliya, wanda yawancin Turkiyya ke kansa, yana gogar gefensa, kuma tsagar ba ta da zurfi sosai. Ranar 6 ga Fabrairu 2023 da misalin ƙarfe 4:17 na asuba ta ɓalle da maki 7.8 mutane na barci cikin benaye, sama da mutum dubu 50 suka rasu a Turkiyya da Siriya.